Jirgin da Aka Huda da Gangan

Ba ni na so rubuta wannan labari ba. Yayata ce ta matsa mini, ta ce tun da na dawo daga China ban koma daidai ba, ko injin markaɗe ne ya canza murya sai a ga na miƙe tsaye ina rarraba ido. Ta ce in zuba shi a takarda ko zuciyata ta yi sanyi. To ga shi nan, ban dai sani ba ko zai yi amfani.

Sunana Hajara, amma Baba bai taɓa kirana da shi ba saboda sunan mahaifiyarsa ne, sai dai ya ce Uwata. Mu Sarkawan Yawuri ne, gidanmu a bakin ruwa yake. Baba masassaƙin jirgi ne, gado ya yi, kuma duk tsawon kogin nan idan aka ce jirgi ya bi ta hannun Malam Garba, mace kan shiga da goyonta ta yi barci. Ba shi da shanu, gonarsa ba ta kai a yi magana ba. Wannan sunan shi ne abin da ya tara a duniya.

Wani Alhaji mai jiragen fasinja da Baba ke yi wa aiki ya ji labarin ana yin jiragen faiba, wato na roba mai tauri, masu sauƙin kuɗi a China. Ya ce ba zai sayi abin da zai ɗauki rayukan jama'a ba sai Baba ya ƙwanƙwasa shi da hannunsa. Baba ba ya jin Turanci, ni kuwa na gama sakandare ina zaune a gida. Haka aka haɗa ni da shi, in zame masa baki da kunne.

Mun sauka Guangzhou a ƙarshen damina, ba a daɗe da mayar da Hong Kong hannun China ba. Wanda ya tarbe mu wani Sabi'u ne, dillalin da Alhaji ya samu ta waya, saurayi mai yawan fara'a da ƙamshin turare. Ya kai mu wani masauki a Sanyuanli, ɗaki ƙarami a can sama, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta. Idan na leƙa ƙasa sai in ga kekuna kamar tururuwa. Idan na sauka kuwa sai mata su tsaya suna kallona, wata tsohuwa har ta shafa hannuna ta duba tafinta ta ga ko baƙin ya fita. Ban yi fushi ba, tsoro ne ya hana ni. Burodi da shayi muka yi ta ci, don duk abin da na nuna a gidan abinci na tambaya ko babu alade, sai a yi mini dariya a gyaɗa kai, ban san ko e ake nufi ko a'a ba. Baba ya rame. Ni kuma ban taɓa sanin ƙaurin bandar kifi abin kewa ba ne sai a can.

Sabi'u ya yi ta ja mana rai, yau gobe, har ranar da ya zo da tasi ya ce za mu ga jirage. Ya kai mu wani lambun shaƙatawa mai tafki, ya nuna mana wasu ƙananan jirage masu launin shuɗi da ja da samari ke hawa da 'yan matansu. Ya ce samfurin kamfaninsu ke nan. Baba ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Yaro, wannan ai bahon wanka ne. Kai mu inda ake yin su."

"Baba, ai kamfanin ba sa barin baƙi su shiga."

"To mu ma ba ma sayen abin da ba mu ga gidansu ba."

Daga ranar ba mu ƙara ganin Sabi'u ba. Lambar da ya ba mu, wata mata ce ke ɗauka tana cewa meyo, meyo, wato babu.

Ranar Juma'a na rubuta sunan masallacin Huaisheng kamar yadda mai masaukinmu ya nuna mini, muka miƙa wa direba. A nan Allah Ya haɗa mu da Alhaji Isiyaka, mutumin zangon Kumasi, mai aika kaya Ghana ta ruwa. Ya ji Baba yana yi mini magana da Hausa a bakin ƙofa, sai ya juyo da dukan jikinsa, don mutum ne mai ƙiba.

"Kai, 'yan gida. Wa ya kawo ku nan ya yar?" Ya dube ni. "Yarinya, ka ci abinci kuwa?"

Da farko na ɗauka raini ne yake ce mini ka, ashe haka Hausarsu take, ba su raba mace da namiji. Ya kai mu wurin wasu Musulmin China masu fararen huluna, muka ci taliya da naman rago, Baba yana ci yana hamdala. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce ya san wani wurin ƙera jirage a Panyu, can ƙasan kogi, ya taɓa ɗaukar musu kaya. Ya ce shi ba dillali ba ne, zai kai mu ƙofa, sauran kuma tsakaninmu da idonmu.

Wurin a bakin kogi yake, rumfunan kwano dogaye da ƙugiyar ɗaga jirgi mai tsayin rimi. Mai wurin, lawban kamar yadda suke ce wa maigida, ɗan Hong Kong ne kuma yana jin Turanci. Jiragen faibarsu sun yi wa Baba, sai dai ya ce a ƙara kaurin gindi saboda duwatsun wajenmu. Aka yi waya da Alhaji mai jiragen fasinja, ya ce mu zauna har a gama a gaban idon Baba. Da yake Sanyuanli da nisa, lawban ya ba mu ɗaki a cikin gidajen ma'aikata.

Amma ba jiragen Alhaji ne suka ɗauke hankalin Baba ba. A ƙarshen filin an ɗora wani jirgi a kan tudu, an tokare shi da ƙarafa ta ko'ina, fari fat, tsawonsa ya kai layin shaguna, da sanda a tsakiyarsa wadda sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshenta. Na wani attajiri ne, an kawo shi gyara. Iska ke tafiya da shi, ana ɗaura wa sandar ƙyalle mai faɗi, injin kuwa na shiga da fita tasha ne. Ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar fasinja, ba a kamun kifi da shi. Na yawo ne kawai. Baba ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya ɗora tafinsa a jikin jirgin kamar mai shafa doki.

Mai tuƙa shi wani Bature ne ɗan Ostireliya mai jan wuya, kowa Kyaftin yake ce masa. Ya ga tsoho yana zagaya jirginsa kullum, sai ya fara tsayawa, ni kuma aka sa ni a tsakiya.

"Uwata, tambaye shi wane mahaukaci ne ya huda hancin jirgi daga wannan gefe ya fita wancan."

Kyaftin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya nuna mana wata farfela a cikin ramin, ya ce ita ke tura hancin jirgin dama ko hagu idan za a jingina.

"To su ba su da gora ne?" in ji Baba.

Haka muka yi ta bi. Akwai wani ƙaton ƙarfe da ya sauko daga cikin jirgin kamar reshen kifi, da curin dalma a ƙarshensa, wai shi ke hana iska kifar da shi. Akwai farfelar baya mai naɗe fukafukanta kamar hannun da aka dunƙule idan an kashe inji. Akwai wata ƙofa a ƙasan ciki, wadda anka, ƙugiyar nan da ake jefawa ta riƙe jirgi, ke fitowa ta cikinta, don kada sarƙa ta ƙuje fentin sama. Akwai fitilu masu gilashi da za su kasance cikin ruwa.

"Na mene ne?"

"Ya ce don masu jirgin su ga kifi."

"Su kama?"

"A'a, su kalla."

"Allah Ya kyauta," in ji Baba.

Abin da ya fi burge shi wasu guntayen tutiya ne da aka ɗaure a jikin ƙarafan, duk sun zaizaye kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Kyaftin ya ce da gangan ake sa su, gishirin teku ya ci su ya ƙyale sauran ƙarfen. Baba ya gyaɗa kai ya ce wannan kam ya gane, sadaka ce ake ba ruwa, kakanninsa ma sun yi, sai dai su da gero. Sai kuma ƙananan ramuka nan da can, kowanne da zoben tagulla a bakinsa. Kyaftin ya ce kowane ɗaya akwai bututu da famfo a bayansa, wani na shan ruwa, wani na zubarwa. Wannan bai kwanta wa Baba ba, ya ce shi a saninsa aikin masassaƙi shi ne ya raba jirgi da ruwa, ba ya yi musu ƙofa ba. Amma ya yarda, ya ce rami mai zobe an san da zamansa.

Baba ba ya iya zaman banza. Da ya ga masu gyaran katakon saman jirgin suna fama da cusa abin toshiya a tsakanin allunan, sai ya ɗauko gizagonsa da kurfinsa, waɗanda ya taho da su tun daga gida a naɗe cikin zani. Lawban ya ga aikin, ya kawar da kai kamar bai gani ba. Ta haka Baba ya shaƙu da Liang, babban bakaniken wurin, wanda inji da duk abin da ke ƙasan ruwa ke hannunsa. Ma'aikata na ce masa Shifu, wato gwani, Baba kuwa Malam Liyan yake ce masa. Ba su da kalma ɗaya ta tarayya, Liang ba ya jin Turanci ko kaɗan. Amma sai ka gan su zaune a kan gungume, wannan ya miƙa wa wancan kayan aiki, Liang ya gwada kaifin gizagon a gashin hannunsa ya ɗaga babban yatsa, Baba ya ce, "Ka ji ɗan halak." Idan Baba ya ta da salla, Liang kan tsaya yana kora ma'aikata kada su bi ta gabansa. Matar Liang kuma, da ta lura ba ma taɓa abincin ma'aikata, ta sayo sabuwar tukunya ta kawo mini da takardar kanti a manne, tana nuna mini da yatsa cewa ba a taɓa sa komai a ciki ba. Da sanyi ya shigo ta ba ni rigar sanyinta, hannun bai kai mini wuyan hannu ba, muka yi ta dariya. Shiye-shiye kaɗai na iya ce mata, wato na gode, na kuwa faɗe shi har ya gaji.

Akwai wata al'ada ta masassaƙanmu da ya kamata in faɗa a nan. Jajibirin ranar da za a sa jirgi a ruwa, babba a cikin masu sana'a kan zagaya shi shi kaɗai, ko da ba shi ya sassaƙa ba. Abin da ya gani ya gyara, ya kama bakinsa. Ba ya faɗa wa mai jirgi, ba ya faɗa wa wanda ya yi kuskuren. Wanda ya faɗa ya tona asirin ɗan'uwansa, kuma ba a ƙara ganinsa da mutunci. Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana yin haka. Saboda haka da yammacin jajibirin mayar da jirgin attajirin nan ruwa, bayan an gama fentin ƙasan jirgin an ɓare takardun da aka lilliƙa, ma'aikata sun watse shirin biki, na ga Baba ya nufi wajen da kayan aikinsa, ban kawo komai a raina ba. Na tafi taya matar Liang figar kaji.

Washegari da hantsi aka yi bikin. Sun kunna turaren tsinke, sun kawo gasasshen alade a kan faifai, mu muka ja gefe. Ƙugiya ta ɗaga jirgin ta sauke shi a ruwa a hankali, aka saki nokawut dogon layi, ƙara da hayaƙi har ba ka jin maganar na kusa da kai. Kyaftin ya yafito mu, ya ce tsohon da ya gyara masa katako dole ya ɗanɗana jirgin, za a ɗan zagaya kogi a dawo. Ba a riga an kawo ƙyallen ba, da inji za a fita. Baba ya sa sabuwar rigarsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar yaro ranar salla.

Mun bar gaɓa, mun shiga tsakiyar kogi inda manyan jiragen yashi ke wucewa. Sai wata ƙara ta tashi daga wajen sitiyari, siririya, ba ta tsayawa. Na ji warin roba mai ƙonewa. Muryar injin ta shaƙe, Kyaftin ya kashe shi yana ƙwala wa Liang kira. Aka ta da janareta don a buɗe ƙofar ankar nan, ya yi ɗan gudu shi ma ya ɗauki zafi ya mutu. Babu inji, babu ƙyalle, anka tana kulle a cikinta. Ruwa na janyewa zuwa teku, ya ɗauke mu a karkace kamar ƙwarya.

Ni 'yar bakin ruwa ce, na san yadda jirgi ke yi idan ya rasa mai shi. Na ga wani jirgin yashi yana tahowa, baƙi, ya nutse da kaya har baki, yana ta busa ƙaho. Ba zai iya tsayawa ba, kowa ya san haka. Baba ya riƙe wuyan hannuna, yana waige-waige, na san gora yake nema, a jirgin da babu gora. Liang ya fito daga ɗakin inji a guje, ya sunkuci wata ƙatuwar robar da ake ratayawa a gefe don kare karo, ya kai ta inda jiragen za su haɗu. Ya samu ya zura ta. Robar ta karɓi bugun, muka zube a ƙasa gaba ɗaya, jirgin yashin ya goge mu ya wuce. Amma igiyar robar ta naɗe hannun Liang ta matse shi da ƙarfen gefe. Bai yi ihu ba. Ya zauna a kan katakon da Baba ya gyara, yana riƙe da hannun, yana kallonsa kamar na wani.

Wani ƙaramin jirgi ya jawo mu gaɓa. Aka tafi da Liang asibiti, matarsa na bin motar da gudu babu takalmi. Da la'asar labari ya zo cewa yatsu biyu sun tafi, na hannun dama.

Baba bai ci abinci ba ranar. Na ɗauka firgita ce.

Da gari ya waye aka sake ɗaga jirgin aka ɗora shi a tudu. Lawban ya tara mutane, fuskarsa kamar hadari. Ya yi musu magana da yarensu, sannan ya juya ga Kyaftin da Turanci, a nan na ji. Ya ce ruwan sanyaya inji ne bai shiga ba, na janareta ma haka, kuma wannan aikin mutum ɗaya ne. Liang ya manta bai buɗe famfunan ba, ya kusa hallaka jirgin mutane, daga asibiti sai garinsu, kada ya ƙara taka wurin. Kyaftin ya ce shi ya duba famfunan a buɗe suke. Ya shiga ƙarƙashin jirgin yana lalube jikin fentin da hannu, yana cewa ramukan a nan suke, ina suka tafi.

"Uwata, me suke cewa?"

Na faɗa masa. Ya rufe ido.

"Wane irin rami ne Baturen ke nema?"

Na tambaya. Kyaftin ya ce guda biyu ne, ba su da zobe a waje, an yi su daidai da fatar jirgin don ruwa ya zame ba tare da tsaiko ba. An liƙe su da takarda lokacin fenti, shekaranjiya aka ɓare.

Na juya zan fassara, sai na ga ba sai na yi ba. Fuskar Baba ta riga ta faɗa mini komai.

"Gaya musu ni ne."

"Baba."

"Na ga rami biyu babu zobe, na ce Malam Liyan ya cire tsohon bututu ya manta. Na ce mutumin nan ya yi mana alheri, ba zan bari a ga wannan a aikinsa ba. Gaya musu."

"Baba, za su ɗaure mu. Ba mu da kowa a ƙasar nan. Ka bari mu kira Alhaji Isiyaka tukuna, don Allah."

"Mutum ya rasa yatsunsa, yanzu kuma ya rasa abincinsa da sunansa, ina tsaye? Ai bakina ne ke. Idan baki ya ƙi, sai in nuna musu da hannu."

Ya ɗauki kurfinsa ya shiga ƙarƙashin jirgin. Ya ɗora yatsa a wani wuri inda ni ban ga komai ba sai fenti sumul, ya buga sau ɗaya, ya murɗa. Guntun katako ya faɗo a tafinsa, an fiƙe shi daidai bakin ramin, an naɗe shi da auduga. Ya matsa gaba ya fito da na biyu. Ni kuma na buɗe baki na faɗi abin da ya ce, da ɗan Turancina, ban san ko rabinsa ya fita daidai ba.

Kyaftin ya karɓi katakon yana jujjuya shi, ya ce da ma aikin bai yi kyau haka ba, da an gani tun kafin a sauke jirgin. Lawban kuwa ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ambaci 'yan sanda ya fi a ƙirga. Na durƙusa a kan tsakuwa ina ba shi haƙuri, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba in ban da Baba. Aka kira Alhaji Isiyaka, ya zo yana haki, suka shiga ofis da lawban suka daɗe. Da ya fito ya share gumi ya ce mu kwantar da hankali, ba za a kira hukuma ba, don idan aka kira sai an tambayi lawban wa ya ba baƙo marar takardar aiki izinin taɓa jirgi. Liang zai ci gaba da aikinsa. Mu kuwa mu kwashe kayanmu kafin magariba, jiragen Alhaji shi Isiyaka zai tsaya a kansu.

"Malam Garba, ka yi abin maza," in ji shi.

Kafin mu bar ƙasar Baba ya ce sai ya ga Malam Liyan. Alhaji Isiyaka ya sa direbansa ya sauke mu a asibitin. Matar Liang na zaune a bakin gado, da ta gan mu ta miƙe ta fita, ba ta dube ni ba. Liang na kwance, hannun a naɗe da farin bandeji kamar dunƙulen fura. Baba ya tsaya a gefen gadon ya cire hularsa, ya fara magana. Ya faɗa masa al'adarmu, ya faɗa masa abin da ya gani da abin da ya zata, ya ce wallahi rufin asiri ya yi nufi. Sannan ya juyo gare ni.

"Faɗa masa, Uwata."

Da me zan faɗa masa? Turancina bai da amfani a ɗakin nan. Na fita na tare wata ma'aikaciyar jinya, na tare wani likita, kowa ya kaɗa hannu ya ce meyo. Na dawo na gwada da hannu, na nuna rami, na nuna toshewa, na dafa ƙirjina na nuna shi Liang ɗin. Liang ya bi hannuwana da ido, ya dubi Baba, ya daɗe yana dubansa. Babu fushi a fuskarsa, tambaya ce kawai. Sannan ya juya fuskarsa bango.

Abin da lawban ya faɗa masa ban sani ba. Wataƙila ya ce tsohon baƙin nan ne ya toshe ramukan, shi ke nan. Har yau akwai wani mutum a bakin wancan kogi mai yatsu uku a hannun dama, wanda bai san dalili ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Wannan ya fi jirgin yashin hana ni sukuni.

Mun dawo gida. Jiragen Alhaji sun iso daga baya, suna nan suna aiki. Baba ya hana ni faɗa wa kowa, shi ma bai faɗa ba, sai Yaya da ta tsare ni. Mutane na zuwa gaishe shi suna ce masa Malam Garba na China, yana murmushi yana ba su labarin fitilun kallon kifi suna dariya.

Bayan ruwa ya fara ja, aka gama wa wani masunci sabon jirgi, ya zo har gida ya roƙi Baba ya duba masa kafin a sa shi a ruwa. Baba ya yi ta kawo uzuri, har dai kunya ta sa ya tashi. Na bi shi da kayan aikin, don ya ce hannunsa na ciwo. Ya zagaya jirgin a hankali. A kusa da gindi akwai wani ɗan rami inda ƙullin itace ya fita, ko ni na gan shi. Baba ya tsaya a kansa, ya miƙo hannu in ba shi kurfi, sai kuma ya janye hannun. Ya ɗaga murya ya kira mai jirgin, a gaban yaransa da masu gyaran taru da matan da ke wanki.

"Ɗan'uwa, wannan ramin, kana sane da shi? Ko yana da wani aiki?"

Aka fashe da dariya, aka ɗauka zolaya ce. Masassaƙin da ya yi jirgin yana tsaye a wurin, shi bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai. Baba ma bai yi ba. Yana tsaye yana jiran amsa.